Gwajin HIV ya fito lafiya amma ƙanenka yana ramewa: dakata da batun biza

Wani ɗan Daura da ke aikin tuƙi a Jidda ya aiko da tambaya a kan ƙanensa, wanda yake nema wa bizar aiki domin ya biyo shi. Ya ce yaron ya yi wata biyu yana tari, yana zufa cikin dare har sai ya sauya riga, ya rame, kuma wani farin abu ya rufe masa harshe. An yi masa gwajin HIV, sakamako ya nuna ba ya ɗauke da ita. Daga nan sai maganar ta rabu biyu: Hajiyarsu ta ce tunda jini ya fito lafiya to jifa ne, a turo kuɗin magani, ejan kuma yana matsa lamba a biya cikon kuɗi kafin gurbin ya wuce.

Malam, Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya saka maka da alheri bisa riƙon zumunci. Shawarata ita ce ka dakatar da batun biza, ka mayar da kuɗin ga binciken asibiti, domin takardar da ke hannunku tambaya ɗaya kaɗai ta amsa, ba ta ce yaron yana da ƙoshin lafiya ba.

Gwajin gaggawa da ake yi da ɗigon jinin yatsa ba ƙwayar cutar yake gani ba, sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa domin yaƙarta yake nema, kamar mai bin sawun ɓarawo bayan an waye gari. Jiki kuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya samar da su, daga kwana 23 har zuwa kwana 90 bayan kamuwa, kuma a wannan tsakani mutum zai iya ɗauke da cutar, har ya yaɗa ta, alhali takarda tana cewa babu. Gwajin ɗakin bincike da ke haɗawa da neman wani ɓangare na ƙwayar mai suna p24 yana ganowa tsakanin kwana 18 zuwa 45, wanda ke neman ƙwayar kai tsaye kuma tsakanin kwana 10 zuwa 33. Saboda haka a maimaita gwajin a asibiti, kuma idan likita ya ga alamomin sun yi yawa zai iya neman na ƙwayar kai tsaye. Ba zargin yaron nake yi ba, ƙa'idar aikin ke nan ga kowa.

To amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarin fuka, wato tibi. Mutanenmu sun haɗa tibi da ƙanjamau a zukatansu har suna ganin idan babu ɗaya babu ɗayan, alhali mafi yawan masu tibi, a Najeriya da duniya baki ɗaya, ba su da HIV. Tarin da ya wuce mako biyu, da zufar dare, da rama, sun isa a kai kakinsa a gwada da na'urar GeneXpert, a kuma ɗauki hoton ƙirji. Gwajin kaki da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shan maganin wata shida ba yankewa, kuma ana warkewa. A fara da babban asibitin Daura, idan abin ya gagara a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Idan aka tabbatar tibi ne, a duba duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi, musamman ƙananan yara.

Farin harshen nan kuwa, a jikin baligi, yakan nuna garkuwar jiki ta yi rauni, kuma abubuwan da ke raunana ta suna da yawa. Ciwon suga da ba a gano ba yana cikinsu, haka ciwon ƙoda da ƙarancin abinci mai gina jiki. Akwai kuma wanda muka fi sakaci da shi: ƙwayoyi irin su dexamethasone da prednisolone da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, wasu don ciwon jiki, wasu don su yi ƙiba. Suna danne garkuwa, suna iya tayar da tibin da ya daɗe kwance a jiki. Ka sa a tattara duk abin da yake sha, har da kwalaye da ƙulle-ƙullen gargajiya, a zuba a leda a kai gaban likita, kuma kada ya daina irin waɗannan ƙwayoyi lokaci guda sai yadda likitan ya tsara. Akwai kuma lalurar da likitoci a Amurka suka fayyace a 1992, inda adadin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4 ke sauka ƙasa da 300 a gwajin jini ba tare da HIV ba, alhali na mai lafiya sukan kai 500 zuwa 1,500. Da wuya ake samun ta, sai an kawar da sauran dalilai ake zancenta.

Game da takardu, kai ma ka san gwajin shiga Saudiyya don aiki bai tsaya ga HIV ba, ana duba ciwon hanta, ana ɗaukar hoton ƙirji, kuma ana sake dubawa kafin a ba da igama, wato takardar izinin zama. Wanda ya biya ejan alhali huhunsa yana da matsala, zai iya rasa kuɗin da bizar duka. Idan wani ya ce zai samo takardar lafiya ta bayan fage, ka guje shi, domin can za a gane, kuma kai da ka tsaya masa wurin kafilinka kai za ka ji kunya. Ka kuma shirya wa abu ɗaya: ko bayan warkewa, tabon tibi a hoton ƙirji yakan hana mutum takardar aiki a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, don haka kada ka yi wa yaron alƙawarin da ba a hannunka yake ba.

Ita kuwa Hajiya, kada ka yi jayayya da ita ta waya. Ka ce mata a ci gaba da addu'a da sadaka, ka roƙi izininta a kai shi asibiti cikin makon nan. Ka zaɓi mutum ɗaya mai karatu cikin dangi wanda zai raka shi, shi za ka riƙa tura wa kuɗin mota da na hoton ƙirji, shi kuma ya riƙa ɗauko maka hoton kowane sakamako ta WhatsApp, da kwanan watan da aka yi shi.