Fitilun Cikin Silin: Layin Ciki Daban, Na Waje Daban

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gini a Zariya, an kusa ɗaura silin na POP. Ina son fitilun nan da ake binnewa cikin silin, guda 30 a falo da ɗakuna, 8 a baranda da bakin rufin waje. Mai wayarin ya ce layi ɗaya zai jera su duka, tunda LED ba ya cin wuta. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya alheri. Ta fuskar lissafi, mutumin naka bai yi ƙarya ba. Kwai 38 masu wat 9 sun kama wat 342, kimanin amfiya ɗaya da rabi a wutarmu ta bolt 230, alhali bireka mai amfiya 6 da waya mai girman 1.5mm² suna ɗaukar fiye da wat 1,300. Amma kada ka yarda, domin matsalar ba ta nauyi ba ce. Ranar da ruwan Agusta ya shiga fitila ɗaya ta baranda, birekar za ta faɗi, gidan gaba ɗaya ya yi duhu, kana laluben tocila. A raba: falo layinsa, ɗakuna nasu, waje nasa da birekarsa. A ɗora wa layin waje da na banɗaki na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ta ruwa. Bireka zalla waya take karewa, ba mutum ba. Rabawar za ta kuma yi maka rana idan ka sa inbata, sai ka zaɓi layin da zai hau batir.

Wajen saye, duba lambar IP a kwali, wadda ke nuna yadda fitila ke jure ruwa da ƙura. IP20 ta falo ce da ɗaki. Banɗaki da baranda mai rufi, aƙalla IP44. Inda ruwan sama ke bugu, IP65, wadda ke hana ƙurar hunturu ma shiga.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda silin zai rufe. Tsakanin kwano da silin zafi ne mai tsanani a watan Afrilu, ga ɓeraye. Waya ta bi cikin fayif, kowane haɗi ya zauna cikin akwatinsa da abin ɗaurewa mai noti, ba murɗawa a naɗe da salatif ba. Haɗi mai sako-sako shi ke yin zafi har ya ta da gobara. Fitila mai jikin ƙarfe a haɗa mata wayar atin, wadda ke kai wutar da ta zurare zuwa ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ka je ka gani da idonka kafin masu POP su rufe, kuma ka nemi ma'aikaci mai shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki a Najeriya.

Tambaya: Malam, ina so in riƙa kunna fitilun silin ta wayar hannu. Kuma na ɗakina suna ɗan haske ko an kashe su.

Amsa: Hajiya, wannan ɗan hasken sau da yawa alama ce an sa makunni a kan wayar nutural (wadda wuta ke komawa ta cikinta) maimakon mai wuta, wato fitilar na nan da wuta a jikinta ko an kashe. Kada kowa ya taɓa ta sai an sauke bireka, a kira ma'aikaci ya juya. Makunnin da ake sarrafawa ta wayar hannu kuwa, akasarinsu suna buƙatar nutural a cikin akwatin bango, don haka ya jawo miki ita a lokaci guda. Yawancinsu Wi-Fi mai 2.4GHz kaɗai suke kamawa. Idan ya ƙi haɗuwa, nan za ki fara dubawa.