Tambaya da Amsa: Ina zaune wuni guda, ina abincin yake tafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni aikina na zama ne, daga safe har yamma ina gaban kwamfuta ba wani motsi nake ba amma yunwa sai ta kama ni kamar wadda ta yi dako. Wai ina abincin yake tafiya ne? Kuma in dai na cika cikina da ko ma menene ai shikenan ko? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Toh ai ke ce kike zaune, jikinki bai zauna ba. Zuciya na bugawa wajen sau 100,000 a rana, huhu na ta aiki, ƙoda na tace jini, ga ɗumin jiki da dole ya tsaya wajen digiri 37 ko barci kike, duk wannan ƙarfi yake ci kuma shi ke lashe kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da kike ƙonawa kullum. Ita kanta ƙwaƙwalwa nauyinta kashi 2 ne kacal na jiki amma kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutu take cinyewa.

In kin ci abinci mai sitaci, hanji zai narkar da shi ya koma sukarin da ake kira gulukos, jini ya raba wa ƙwayoyin halittar jiki, can su ƙona shi da iskar oksijin da kika shaƙa su samu kuzari. Tsirrai su ke haɗa nasu sukarin da hasken rana, mu da dabbobi sai mun ci.

Amma tambayarki ta biyu ita ta fi damuna gaskiya, don mutane da yawa haka suka ɗauka. A'a, ba shikenan ba. Jiki kullum cikin gyaran kansa yake, jajayen ƙwayoyin jini wajen kwana 120 suke yi su mutu a ƙera sababbi, kuma ba za su ƙeru ba sai da furotin da sinadarin ƙarfe, shi ya sa za ki ga mutum yana ƙoshi sosai amma jininsa ya yi ƙasa, ga jiri ga kasala. Haka matuƙan jirgin ruwa na da, cikinsu a cike amma dasashi na zubar da jini saboda rashin bitamin C, har wani likita James Lind ya gwada ba su lemo a 1747 ya ga suna warwarewa. Don haka ki riƙa haɗawa da wake ko ƙwai ko kifi, da ganye da 'ya'yan itace, in kuma kasalar ta ƙi tafiya ki je a auna miki jini.