Tambaya da Amsa: Nawa ne kuɗin gumin mai saƙa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Mu mata ne a nan Marwa ta Kamaru muna ɗinkin faifai da saƙar tabarmar kaba, wani dillali ne ke zuwa ya kwashe ya kai kasuwa, abinda yake bamu wani lokacin ko kuɗin kaba da rini baya fitowa. Ƙanwata ta nuna min a Facebook wai akwai kamfani a ƙasar Filifin da yake biyan mata masu sana'ar hannu kuɗi na adalci. Dan Allah gaskiya ne ko labarin intanet ne kawai? Kuma mu zamu iya?
— 'Yar'uwarki daga Marwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ne, kuma ba ɗaya bane. Wanda aka fi sani shine Rags2Riches, an kafa shi a 2007 a Payatas, wata unguwa kusa da Manila da a lokacin take da ƙaton juji. Matan wajen da ragowar ƙyallayen kamfanonin ɗinki suke saƙa abin goge ƙafa na bakin ƙofa, amma tsakaninsu da ƙyallen akwai dillali, tsakaninsu da mai saye akwai wani dillalin, sai mace ta wuni tana saƙa abinda zai shigo hannunta wajen santi 20 na dalar Amurka, a kuɗinmu ko sefa 150 bai cika ba. Kinga ai labarinku ne.

Toh ba sadaka aka raba musu ba. An haɗa su da kamfanonin kai tsaye su samu ƙyalle, sannan wani shahararren mai tsara kaya na ƙasar, Rajo Laurel, ya shigo ya nuna wannan saƙar dai da ake takawa da ƙafa za ta iya zama jakar hannu ta 'yan gayu. Hannun bai canza ba, kayan da mai sayen ne suka canza, kuɗi ya ɗaga.

Ku kuwa abinda nake so ku fara dashi lissafi ne, don wallahi yawancinmu bamu san nawa muke sayar da wuninmu ba. Ki ɗau littafi ki rubuta kuɗin kaba, rini, zare, kuɗin mashin zuwa kasuwa, sai kuma kwana nawa faifai ɗaya ya ci miki. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a Kamaru ga ma'aikacin kamfani da ba na noma ba sefa dubu 60 ne a wata, wato wajen 2,300 a rana in an cire ranakun hutu. In faifai ya ci kwana biyu cikakku kuma aka baki 1,000, ke kika biya dillali, ba shi ya biya ki ba.

Akwai kuma maganar kafin alƙalami. Ƙungiyar cinikin adalci ta duniya, WFTO, a ƙa'idarta in masu sana'ar hannu suka nema, mai odar kaya zai bada aƙalla rabin kuɗin tun kafin a fara, babu ruwa a kai. Ku ma ku nemi haka ko daga hajiyar da ta yi odar kayan ɗakin amarya ne, rashin jari ne ke sa mace ta sayar da asara ranar da babu cefane.

Amma fa kar ku yi saurin korar dillalin nan. Shi ke ɗaukar kaya, shi ya san masu saye, shi ke jiran kuɗi in an ci bashi, in ya tafi dole ɗayarku ta ɗau aikin kuma a biya ta. Gara ku haɗu ku yi rajistar GIC, wato ƙungiyar haɗin kai ta masu sana'a da hukuma ta sani, ku tsaida farashi ɗaya yadda ba zai bi ku gida-gida yana karya ku ba, kuɗi kuma ya shigo ta Orange Money ko MoMo na ƙungiya.

Zancen Turai a ajiye shi tukuna, su in sun ce faifai 200 girma ɗaya kala ɗaya suke nufi, kuma ranar da aka yi alkawari. Turawan yawon buɗe ido ma sun ja baya daga Marwa tun da rashin tsaro ya shigo. Ku fara da Garwa, Yawunde da Njamena, ku gwada jaka da abin ɗora kwano a tebur, ƙanwar nan taki mai Facebook ita za ta riƙa ɗaukar hoto da rana a kan farin zani.