Shin basira gado ce? Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, mijina malamin lissafi ne, amma ɗanmu yana aji uku karatu na ba shi wuya. Surukata ta ce ni ya gado, wai wajen uwa ake ɗauko basira. (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, Hajiya ba ta yi miki adalci ba. Rabin ƙwayoyin gadon yaro naki ne, rabi na mahaifinsa. Kuma basira ba ƙwaya guda ba ce. A 2018 wani bincike kan mutum kusan 270,000 ya gano wurare 205 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da hazaƙa, da yawansu a ƙwaƙwalwa suke aiki, kowanne tasirinsa ɗan mitsitsi. Gado dai yana da hannu: masana a Minnesota ta Amurka sun gwada basirar tagwaye masu kama ɗaya da suka tashi a gidaje daban-daban, sakamakonsu ya zo kusa da juna ƙwarai. Sai dai ba kullum ɗan barewa ke gudu irin na uwarsa ba. Kafin komai a duba idon yaron da kunnensa. Na sha ganin yaron da ake kira daƙiƙi, ashe allo ne ba ya gani.

Tambaya: Mai babban kai ya fi basira? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka a asibiti, ya nuna akwai alaƙa tsakanin girman ƙwaƙwalwa da hazaƙa, kuma wasu ƙwayoyin gado sun shafi duka biyun, amma alaƙar ba ta taka kara ta karya ba. Ƙwaƙwalwar Einstein, shahararren masanin kimiyya, giram 1,230 ce, ba ta kai ta yawancin maza ba. Kan jariri ne muke aunawa da muhimmanci: idan ya cika ƙanƙanta ko yana girma da sauri, a kawo shi asibiti.

Tambaya: Ina da juna biyu, me zai kare ƙwaƙwalwar ɗana? (Daga Gusau)

Amsa: Allah ya raba lafiya. Ki riƙa zuwa awo, ki sha maganin ƙarin jini, ki yi girki da gishiri mai aidin. Tunda a Zamfara kike, ki tuna 2010, lokacin da gubar dalma da ke cikin dutsen zinare ta kashe yara sama da 400. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar da ta zo lafiya lau. Kada a daka dutsen zinare a tsakar gida, mai zuwa haƙa kuma ya canza kaya ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.