Tambaya da Amsa: Kufan Birnin Mutanen Maya a Bakin Teku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana za mu je hutu Kankun a ƙasar Meziko, kuma kwanakin namu ba yawa. Shi ya nace sai Chichen Itza, ni kuma hoton wani tsohon birni nake ta gani a Instagram a saman dutse ga teku a ƙasansa, wai shi Tulum. Don Allah wanne ya fi, kuma ana barin mutum ya hau gine-ginen? (Daga wata mai karatu)

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. To gaskiya in manyan gine-gine kike son gani maigidan naki ya fi ki gaskiya, don Chichen Itza, wadda ita ma kufan birnin mutanen Maya ce, wato 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, ta fi Tulum girma nesa ba kusa ba, sai dai ita can cikin ƙasa take, ba ruwanta da teku. Tulum ƙaramar alƙarya ce, awa biyu ta ishe ki zagaye ta tsaf. Abin da ke jan mutane shi ne mazauninta, don an gina ta ne a kan gaɓar dutse mai tsayin kusan mita 12, ga ruwan Karibiyan shar a ƙasa, kuma daga Kankun tafiyar kilomita 130 ce zuwa kudu, kusan awa biyu a bas.

Kar ki je da tunanin dala irin ta Masar fa, Tulum tashar fatake ce. Ta yi tashe tsakanin ƙarni na 13 da na 15, kwale-kwale na sauke kaya ana wucewa da su cikin ƙasa, su gishiri, zuma, auduga, koko da wani baƙin dutse mai kaifi da suke yin wuƙa da shi, wanda daga can wajen Guwatemala ake kawo shi, kin ga kenan fataucin ba na wasa ba ne. Shi ya sa suka zagaye garin da ganuwa mai kauri ta gefe uku, gefe na huɗu kuma teku ya tsare musu, kuma ƙofofin ganuwar matsattsu ne ƙwarai, mutum ɗaya-ɗaya ake shiga. A 1518 ne jiragen Sifaniyawa ƙarƙashin Juan de Grijalva suka hango garin daga teku, a lokacin da mutanensa a ciki, amma kafin ƙarnin ya ƙare cututtukan da baƙin suka shigo da su sun ci mutane, gari ya zama kufai.

Batun hawa kuwa a'a, an ja igiya, daga nesa ake kallo. Babban ginin da ake kira El Castillo shi ne wanda kike gani a hoto. Amma ni a ganina ki fi ba ƙaramin haikalin nan lokaci, wanda aka sassaƙa wani abin bautarsu a saman ƙofarsa kai ƙasa ƙafa sama kamar yana faɗowa, yawancin masu ɗaukar selfi wucewa suke ba su ko lura ba. Ga manyan ƙadangaru da ake ce wa iguwana ko'ina suna shan hantsi, ba sa kula kowa, kar ki tsorata.

Ƙarfe 8 na safe ake buɗewa, ku yi sammako don Allah, don da hantsi ya ɗaga motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika wurin, ga rana ga shi inuwa ba ta da yawa. Ku riƙe lema ko malafa, da kuɗin peso a hannu saboda tikiti. Sannan in tsakanin Afrilu da Agusta za ku je, akwai wata ciyawar ruwa mai ruwan ƙasa da teku ke tarawa a gaɓa, tana ruɓewa tana wari, to a lokacin ruwan ba zai yi kama da na Instagram ɗin ba.