Wanne edita zan koya, Oga?

Sani, jiya muna rufe shago ka tambaye ni wanne edita, wato manhajar rubuta kod, za ka koya, ka ce mini a makarantarku wani ya ce ka koyi Vim, wani ya ce VS Code, wani kuma ya rantse da Emacs, har kanka ya ɗaure. Na ce ka bari sai da safe. To jawo kujera.

Da farko ka cire Word daga lissafi, wannan na rubuta wasiƙa ne. Lanƙwasa alamar zance yake yi, ya cusa wa fayil kwalliyar da ido ba ya gani, sai Python ta ƙi karanta kod ɗinka kana ta neman laifin da ba naka ba.

Ka fara da VS Code. Microsoft ne suka fitar da shi a 2015, kyauta ne, kuma yana aiki a Windows da Linux da Mac. Yana sa wa kod launi, ya ja layi a ƙarƙashin kuskure tun kafin ka gwada. Babban dalilina ma ba wannan ba ne: yawancin 'yan ajinku shi ke hannunsu, in ka maƙale akwai wanda zai leƙo ya nuna maka. Aibinsa nauyi, don a kan Electron aka gina shi, kusan burauza ce sukutum a cikinsa. Wannan laftof taka mai ram 4 ba za ta ɗauki lodi ba, saboda haka ka sa masa ƙarin Python kaɗai, ka ƙyale sauran tarkacen. In duk da haka tana nishi, Notepad++ ya ishe ka.

Amma vi, tsohon editan da Vim ya samo asali daga gare shi, wannan ba zaɓi ba ne, dole ne, ko da kaɗan. Bill Joy ya rubuta shi a 1976 a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, sannan Bram Moolenaar, mutumin Holan, ya fito da Vim a 1991, ya yi ta renonsa har ya mutu a 2023. Ranar da aka tura ka gyara saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, wadda ba ta da linzami, sai baƙin allo da rubutu, ba za ka tarar da VS Code a can ba. Editan Nano ya fi sauƙi, gaskiya ne, amma ba kowace na'ura ke da shi ba, vi kuwa da wuya ka rasa shi. Ni ranar farko da na faɗa cikinsa a sabar wani kamfani, ina danna haruffa layuka na ɓacewa, na rasa ƙofar fita, gumi ya jiƙa mini riga. Ogana na tsaye yana ta dariya.

Abin da ban sani ba a ranar shi ne fuska biyu gare shi. Da ka buɗe, umarni yake saurare, ba rubutu ba. Ka danna i ka yi rubutunka, ka danna Esc ka koma wajen umarni. :wq ya adana ya fita, :q! ya fita ya watsar da ɓarnar da ka yi. Haruffan h, j, k, l su ke motsa ka hagu, ƙasa, sama, dama, don a kibod ɗin ADM-3A da Joy ya yi aiki da shi a kansu aka zana kibiyoyi. Git ma, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, sau da yawa cikinsa zai jefa ka in za ka rubuta bayanin aikinka. Ga kuma wata riba a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama: Vim na ajiye kwafin wucin gadi, wuta na dawowa ka buga vim -r da sunan fayil, ka tsinci yawancin aikinka.

Emacs na Richard Stallman kaya ne mai kyau, amma bar shi sai ka yi ƙwari. Rigimarsu da mutanen vi ta girme ka.

Na taɓa yin wani yaro a nan, wata guda yana canja edita da launin allo, bai rubuta layi hamsin ba. Kada in ga haka a wurinka. Tashi ka kunna waccan kwamfutar, ka buga vimtutor, darasin kamar rabin awa ne. Kafin azahar ina so ka buɗe fayil, ka gyara layi uku, ka fita ba tare da ka kira ni ba.