Kafin ka hau motar Legas, ɗana

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka nemi shawara tun kafin ka ɗaure kaya. Ka ce ka gama bautar ƙasa, digirinka na akanta yana hannu, hanyoyi uku ne kuma a gabanka: wani banki ya kira ka aikin kwantiragi a nan Legas, ko ka zo kasuwar kayan gwari ta Mile 12 ka riƙe mana littafi a rumfa, ko ka ci gaba da koyarwa a makarantar nan ta gida da albashinta ba ya kai ka ƙarshen wata. Sai ka rufe da cewa, "Kawu, wanne ya fi kawo kuɗi?"

Neman kuɗi ba abin kunya ba ne. Mahaifiyarka tana da haƙƙi a kanka, ƙannenka suna makaranta, aure ma yana tafe. Amma yaranmu da na gani sun koma Arewa da baƙin ciki, ba dukansu ne suka rasa kuɗi ba. Wasu sun samu sosai, sai dai aikin ya cinye musu wani abu da ba su san ransu na kansa ba sai da ya kuɓuce. Wani sallarsa ce cikin jam'i, wani mutuncinsa, wani kuma zama kusa da iyayensa. Shi ya sa nake so ka fara sanin abin da ba za ka iya sayarwa ba ko nawa aka taya, sannan mu yi maganar albashi.

Shi kansa albashin, lissafinsa a nan daban yake. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, jihar Legas ta ce nata 85,000, kuma duk da haka mai ɗaukar wannan kuɗin a nan ya fi takwaransa na Katsina shan wuya. Kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya, ga na ejan, ga na rubuta yarjejeniya. Idan reshen bankin yana Tsibirin Legas, kai kuma ƙarfinka bai wuce ɗaki a Agege ko Ketu ba, to tun kafin kiran assalatu za ka fita. Gadar Third Mainland da ke kai mutum Tsibirin kusan kilomita 12 ce, a ranar da gosulo ya kama kuwa sai ka ga rana ta fito maka a kanta kana cikin danfo, wato bas ɗin haya. Jirgin ƙasan da aka buɗe daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ke bi ta Agege, ya rage wahala, amma bai kawar da ita ba. Akwai mutanen da wannan bai dame su ba ko kaɗan, suna son tsari, suna son sanin abin da zai shigo musu ranar ashirin da biyar ga wata, suna son hawa mataki-mataki. Irin waɗannan banki yana karɓarsu, kuma suna koyon aiki mai inganci da ba za su samu a rumfa ba.

Sai dai akwai tambayar da na san tana cinka ko da ba ka rubuta ba, wato batun kuɗin ruwa. Kar ka binne ta. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka faɗa masa ainihin aikin da za a ba ka, ka ji fatawa yanzu. Na san wani yaro a nan da ya shiga da shakka a zuciyarsa, kullum in aka biya shi sai ya rasa sukuni, har ya kasa aika wa mahaifinsa kuɗin, yana cewa ba ya so ya ciyar da tsoho da abin da shi kansa bai natsu da shi ba. Bai yi shekara ba ya ajiye. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ, da Lotus, in zuciyarka ta fi kwanciya da su sai ka nemi ƙofarsu. Ka kuma tambayi waɗanda suka kira ka: aikin na cikin ofis ne, ko na yawon nemo masu ajiya ne da za a yanka maka adadin da za ka kawo kowane wata? Mai kunya irinka, wanda roƙo ke yi wa nauyi, ya kamata ya san wannan tun kafin ya sa hannu.

Yanzu bari in gaya maka gaskiyar kasuwarmu, don kar ka zo saboda kawunka ne kawai. Kafin gari ya waye tireloli sun jeru, tumatir daga Kadawa da Ɗanja, albasa daga Aliero, tattasai da attaruhu. 'Yan dako suna sauke kwanduna a ka, ƙasa duk caɓi, Yarbawa mata masu sari sun kewaye ka kowace na taya nata, kai kuma kana tsaye da biro kana rubuta kwando nawa ne na wane, nawa aka sayar, nawa ne kuɗin mota, nawa ne la'ada. Kayan gwari ba sa jira. Mota ta lalace a hanya kwana ɗaya, tumatirin da manomi ya yi wata uku yana ban ruwa sai ya iso yana ɗiga, a sayar da shi rabin kuɗi. Shi kuwa manomin yana can ƙauye, bai ga cinikin ba, ba shi da takarda, abin da ka faɗa masa a waya shi ne gaskiya a wurinsa. Kwandon da aka sayar dubu arba'in, in ka ce masa talatin da biyar, ba mai kama ka sai Allah. Duk sana'ar a kan amana take tsaye, kuma wanda ya riƙe ta, shekara goma manomi ba zai kai kayansa wurin wani ba. Ni abin da ya zaunar da ni ke nan. In na kira mutum na ce masa ga kuɗinka sun shiga, na ji muryarsa ta saki, wannan daɗin ya fi mini ribar.

Amma ka tambayi kanka da gaske: za ka iya jure a ce mai digiri yana cikin taɓo da takalmin roba? Abokan karatunka za su riƙa sa hotuna da kwat a Facebook. In girma a idon mutane yana da nauyi a wurinka, faɗi gaskiya, ba laifi ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ba na so shi ne ka zo kana jin ka fi ƙarfin wurin, don 'yan kasuwa suna gane wannan a fuskar mutum tun ranar farko, kuma ba za su sake maka ba.

Sana'ar dogaro da kai tana da 'yanci, ba mai hana ka zuwa Juma'a, ba mai ba ka takardar tuhuma. Kwanciyar hankalinta ne kaɗan. A watan Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, bayan wata uku ta ƙara wasu huɗu. Yaranmu da suka ci bashi suka sayi babur sun wayi gari ba abin yi. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin kamfanonin canji sama da 4,000 a rana ɗaya. Mu ma a Mile 12 an taɓa rufe kasuwa bayan rikicin 2016. Wanda ba ya iya barci sai ya san abin da gobe za ta kawo, kasuwa za ta sa masa hawan jini.

Sai koyarwar da ka ambata a ƙarshe kamar kana jin kunyarta. Da na zo gida Babbar Sallah na gan ka a zaure da yaran unguwa, kana koya musu lissafi da 'ya'yan dabino, ba wanda ya sa ka, ba wanda ya biya ka, kuma fuskarka a sake take yadda ban gan ta ba lokacin da kake ba ni labarin bankin. Kar ka raina wannan. Matsalar koyarwa kuɗi ne, shi kuma ana iya nemo masa dabara. Jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN ba sai a Legas ake rubuta ta ba, kana gida kana koyarwa za ka iya yi, ka riƙa riƙe wa 'yan kasuwar garinku littafi da yamma. In kuma Legas ɗin ce ta shiga ranka, makarantun Islamiyya na Agege da Idi-Araba cike suke da 'ya'yanmu da aka haifa a nan, Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, kuma malamin da ya haɗa boko da addini abin nema ne a wurinsu. Albashin dai ba zai burge ka ba.

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi min nauyi. Tsakaninmu da gida ya haura kilomita 1,000. Mota kwana take yi a hanya, kuɗin jirgin sama kuma ba kowa ke da shi a aljihu ranar da aka buga waya ba. Mu kuwa ba ma ajiye gawa. Yawancinmu a nan gaisuwa muke tararwa, ba jana'iza ba. Kai ne babba a ɗakin mahaifiyarka, kuma ka fi ni sanin yadda ƙafafunta suke yanzu. Ka zauna da ita ku yi magana, kar ka tsaya kan "Allah ya ba da sa'a" da za ta ce don kar ta tare maka hanya. Ka tambaye ta abin da take so da gaske.

Amsar tambayarka kuwa: a shekarun farko banki zai fi ba ka kuɗi tabbatacce, kasuwa za ta iya wuce shi nesa in ka daɗe kuma Allah ya sa albarka, koyarwa ce ta baya. Ra'ayina, yadda na san halinka, aikin yawon nemo masu ajiya ba naka ba ne. Amma gani ya kori ji. In an yi hutun makaranta ka zo ka yi 'yan makonni a wurina kafin ka ba bankin amsa. Za ka yi sammakon kasuwa da mu, ranar Litinin kuma in sa yaro ya raka ka har ƙofar reshen da suka ce, ka fita a lokacin da ma'aikata ke fita, ka dawo lokacin da suke dawowa. Ka taho da takardunka na asali da katin ɗan ƙasa, kuɗin mota zan turo maka. Ka gaishe min da mahaifiyarka da ƙannenka.